Gidan Tarihi na Bubu Hama: Gani ya kori ji

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Da yawa daga cikin ƴan kasuwarmu na jahar Difa, maza da mata, kan yi tafiyar kilomita sama da 1,300 zuwa Yamai domin sarin kaya, su kwana biyu ko uku tsakanin tasha da Babbar Kasuwa, su juyo gida ba tare da sun leƙa wani wuri da ke nan kusa da su ba, wato Gidan Tarihi na Ƙasa na Bubu Hama, wanda mutanen birni ke kira Muze. Alhali kuwa abin da ke cikinsa ya shafi ƙasar da muke takawa, da ruwan da muke sha, har ma da kayan da muke kasawa a kasuwa.

An buɗe wannan gida a shekarar 1959, a bisa ƙoƙarin marigayi Bubu Hama da wani Bature mai suna Pablo Toucet, kuma yana kan fili mai faɗin hekta 24, kusa da gadar Kennedy. Ga wanda bai sani ba, gida ne mai sassa da yawa: akwai ɓangaren namun daji inda ake ganin zaki da kura da dorina da kada, akwai ɗakunan tufafin gargajiya da kayan kiɗa na ƙabilunmu, akwai ɗakin da ke bayanin ma'adinin uraniyom, sa'annan ga rumfunan maƙera da dukawa da masaƙa waɗanda ke aiki a gaban idon mai saye.

To amma abin da ya fi tsayar da baƙo shi ne ƙasusuwan manyan dabbobin nan na zamanin da, waɗanda ake kira dinoso. A shekarar 1965 ne wani masani ɗan Faransa, Philippe Taquet, ya gano ɗaya daga cikinsu a Gadufawa cikin jahar Agadas, aka raɗa masa suna Ouranosaurus, mai tsawon kimanin mita 7. A wannan wurin dai aka tono wani ƙaton kada, Sarcosuchus, wanda masana suka ƙiyasta tsawonsa ya kai mita 9 zuwa 12, wato kamar babbar motar ɗaukar kaya. Sun ce ya rayu shekaru kusan miliyan 110 da suka shige. Ikon Allah sai kallo!

Tambayar da yaro zai fara yi ita ce: me kada ke yi a tsakiyar hamada? Amsar kuwa ita ce, inda muke ganin yashi a yau, a da koguna ne da dausayi. Kuma ba sai an koma miliyoyin shekaru ba. Kimanin shekaru 7,000 da suka wuce, tafkin Cadi ya fi murabba'in kilomita 300,000, har wurin da garuruwan Difa, Boso da Gigimi suke a yanzu duk ƙarƙashin ruwa yake. Ga shaida ma a maƙwabta: a 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu a Najeriya, kusa da Komadugu Gana da ke zuba a koginmu, sai ya ci karo da jirgin ruwa na katako mai tsawon mita 8 da ɗoriya, wanda aka auna aka ga ya kai shekaru 8,000.

Wannan labari ba tatsuniya ba ce ga mai sayar da banda ko tattasai. Iyayenmu sun ga tafkin yana da murabba'in kilomita kusan 25,000 a farkon shekarun 1960, sun kuma ga yadda ya janye bayan farin 1973 da na 1984, kamar yadda mu ma muka ga Komadugu ya cika ya batse ya ci gidaje da gonaki a 2019 da 2022. Haka zalika kanwa da manda da ake ɗebowa daga kwaruruwan ƙasar Manga, wajejen Maine-Sorowa da Gudumariya, ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ke tasowa kusa, rana ta shanye shi, gishirin ya rage a sama. Yaron N'Guelbély da ke ganin tudun yashi na matsowa garinsu, in ya fahimci cewa ƙasa na canzawa kuma akwai dalili, shi ne gobe zai san amfanin dasa itace da kafe yashi.

Batun itace kuwa, a gidan ne aka ajiye gawar Itacen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai a hamada yana zama alama ga ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma, har zuwa 1973 da wani direban babbar mota ya banke shi. Abin da fari bai kayar ba, ganganci ya kayar cikin ƙiftawar ido.

A nan ne kuma ya kamata mu ja kunnen juna. Wani lokaci makiyayi ko mai haƙa rijiya kan tsinci tsohuwar tukunya, ko dutsen da aka sassaƙa, ko ƙashi mai nauyi, ya kawo kasuwa, dillali ya saye da ƴan jikkuna ya tsallaka da shi ƙetare. Haka aka wawashe gumakan ƙasa na Bura a yammacin ƙasarmu. Dokar kare kayan tarihi ta 1997 ta hana wannan ciniki, kuma abin da aka cire daga inda yake, rabin labarinsa ya ɓace ke nan. Wanda aka kawo wa irin wannan haja, ya sanar da mai gari ko hukuma.

Saboda haka, Alhaji da Hajiya, in tafiya ta kama lokacin babban hutun lakol, a ɗauki yaro ɗaya ko biyu, a ware rabin yini. A ranakun Salla gidan kan cika maƙil da yara, don haka mai son kallo a natse ya zaɓi wata rana da safe. Akwai kuma 18 ga watan Mayu, ranar gidajen tarihi ta duniya, wadda ake raya ta tun 1977. A nemi mai yi wa baƙi bayani, a bar yaro ya yi tambaya, in an dawo ya ba ƙannensa da abokan karatunsa labari.

Riba kala-kala ce: wata a aljihu ake sa ta, wata kuma a kan yaro. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya raya mana zuri'a.