Dunƙulen Nama Da Taliya

Nama ya yi tsada. Maigida ya kawo rabin kilo, ga mutum 6 a gida, yara na jiran tsoka. To uwargida, kada hankalinki ya tashi, ki yi dunƙulen nama.

Asalin girkin nan na Italiyawa ne, amma can ƙasarsu ba safai suke haɗa shi da taliya ba. Waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka wajen shekarar 1900, su ne suka saba haɗa su a kwano guda.

Ki daka naman a turmi, ko ki kai a niƙa miki. Ki jiƙa yanka 2 na burodi a madara, ki matse, ki zuba. Ki sa ƙwai 1, da albasa, da tafarnuwa, da gishiri, da masoro. Burodin shi ke hana naman tauri, ƙwan kuma ya hana shi wargajewa. Kada ki cika cakuɗawa. Ki jiƙa tafin hannu ki dunƙula kamar girman lemun tsami, za ki sami wajen 18, kowa uku ke nan.

Ki soya sama-sama, ki jera su cikin miyar tumatir, su yi minti 20 a ƙaramar wuta. Ban da juyawa da ludayi, girgiza tukunyar kawai. Ki fasa ɗaya, in babu ja a ciki ya nuna. Taliyar a dafa ta daban, a tsane.

Ku kuma 'yan makaranta, ku wanke hannu da sabulu ku taya iyayenku dunƙulawa. Da haka ake koyo.