Shin ruwan bitirut na rage wa dattawa gajiya yayin motsa jiki?

A unguwannin birnin Jidda irin su Safa, dattawa da likita ya umarta da tattaki kan jira rana ta yi sanyi kafin su fito. A filin jirgin saman birnin ne kuma dubban tsofaffin maniyyata daga Najeriya da Nijar ke sauka duk shekara, suna fuskantar ɗawafi da sa'ayi mai tsawon kusan kilomita uku. Kukansu ɗaya ne: ƙafa ta riga zuciya gajiya.

Wannan ya sa hankali ke karkata ga sinadarin naitiret, wanda ake sayarwa a matsayin ƙarin abinci, galibi cikin ruwan bitirut, jan tushen nan da Larabawa ke kira shamandar.

Yaya yake aiki?

Idan mutum ya ci abinci mai naitiret, ƙwayoyin halittar da ke zaune a kan harshe sukan sauya shi zuwa naitirait. Daga nan jiki ke samar da iskar naitirik oksaid, wadda ke buɗe hanyoyin jini domin iskar oksijin ta isa tsoka. Gano aikin wannan iska ne ya ba masana uku na Amurka kyautar Nobel a 1998.

Yayin da shekaru ke ja, jiki na rage samar da ita, tsoka kuma na zaizayewa, musamman bayan shekara 60.

Me bincike ya nuna?

A 2009, masana a Jami'ar Exeter ta Ingila sun ba wasu samari rabin lita na ruwan bitirut kullum har kwana shida. Lokacin da suka ɗauka suna tuƙa keke kafin su gaza ya ƙaru da kusan kashi 16 cikin 100. A 2018 Kwamitin Olympics na Duniya ya saka naitiret cikin 'yan tsirarun abubuwan da ke da hujjar ƙara wa 'yan wasa ƙwazo.

Sai dai a kan dattawa labarin ya sha bamban. Wani gwaji da jami'ar ta wallafa a 2013 kan masu shekara 60 zuwa 70 ya nuna bugun jininsu ya sauka, amma nisan da suka taka cikin minti shida bai ƙaru ba.

Shi kuwa nazarin Jami'ar Edith Cowan ta Ostireliya na 2021, wanda ya bibiyi mutum 3,759, ya gano cewa masu yawan cin abinci mai naitiret sun fi masu ƙarancin cinsa ƙarfin ƙafa da kashi 11 cikin 100. Amma alaƙa kawai ya nuna, bai tabbatar da cewa sinadarin ne sanadi ba.

Abin lura kafin a sha

Mai shan maganin hawan jini ya tuntuɓi likita tukuna, domin jinin na iya sauka fiye da kima ya jawo jiri. Haka ma mai tsakuwar ƙoda, saboda bitirut na ɗauke da sinadarin da ke taimaka wa haɗuwarta, da mai ciwon suga saboda zaƙinsa. Idan fitsari ya yi ja bayan an sha, launin tushen ne kawai.

Ruwan kuskure baki mai kashe ƙwayoyin cuta yana rage amfaninsa, tun da yana halaka ƙwayoyin da ke fara aikin. Tasirinsa kuma ya fi ƙarfi awa biyu zuwa uku bayan sha.

Ba sai an sayi kwalba mai tsada ba. Alayyahu da latas, da ganyen jarjir da ake yawan ci a Saudiyya, duk suna da naitiret mai yawa. Dattijon da ke shirin aikin Hajji zai fi cin moriya idan ya fara tattaki watanni kafin tafiya, yana ƙara nisa sannu a hankali, yana kuma yawaita ganye a miyarsa.