Manhajar da ta hana ma'aikatan asibiti albashi: abin da ke faruwa idan mai aiki da ɗan kwangila ba su fahimci juna ba

A ƙarshen watan Maris na shekarar 2010, dubban ma'aikatan asibitocin gwamnati a jihar Kwinsland ta ƙasar Ostareliya sun duba asusunsu na banki, suka tarar da abin da ba su yi tsammani ba. Wasu ba a biya su ko sisi ba, wasu an rage musu, wasu kuma an zuba musu kuɗin da ya wuce haƙƙinsu, daga baya aka nemi su mayar. Baitulmalin jihar bai bushe ba, kuma ba ɓarayi ne suka shiga ba. Sabuwar manhajar biyan albashi ce, wadda aka ba kamfanin IBM kwangilarta, ta fara aiki a wannan watan.

Kuɗin kwangilar tun farko dalar Ostareliya miliyan 6 ne da ɗoriya. Daga baya kamfanin binciken kuɗi na KPMG ya ƙiyasta cewa gyara da tafiyar da tsarin cikin shekaru takwas zai laƙume kimanin dala biliyan 1 da miliyan 200. Sai da aka riƙe ma'aikata sama da 1,000 a sashen albashi suna bin takardu da hannu duk mako biyu, domin a samu a biya mutane.

Labarin ya shafi duk matashin da ke koyon rubuta manhaja a Yamai, Maraɗi ko Damagaram da niyyar yi wa kamfanonin waje aiki daga gida. Ya kuma shafi ɗan ƙasa mazaunin waje da ke son a haɗa masa shafin kasuwanci ko manhajar waya, yana nesa da wanda zai yi aikin.

Inda gizo ya yi saƙa

Hukumar lafiya ta Kwinsland tana da ma'aikata kimanin 80,000, tun daga likitoci da masu jinya har zuwa masu shara da masu dafa abinci. Kowane rukuni da tasa yarjejeniyar albashi: kuɗin aikin dare, na ƙarshen mako, na ƙarin lokaci, na aiki a ƙauyuka masu nisa. Idan aka haɗa su, hanyoyin lissafin albashi sun kai kusan 24,000. Tsohuwar manhajar ta tsufa, kamfanin da ya yi ta yana shirin daina kula da ita, don haka aka yi gaggawa.

A cikin gaggawar aka sa hannu a kwangila ba tare da an kammala rubuta dalla-dalla abin da sabuwar manhajar za ta yi ba. Babban mai binciken kuɗi na jihar, a rahotonsa na 2010, ya nuna cewa an gabatar da buƙatun sauya aiki fiye da 40 bayan an riga an fara, kuma rashin fayyace buƙatu tun farko ne ya jawo hakan. Kowane sauyi yana zuwa da ƙarin kuɗi, da ƙarin lokaci, da sabuwar gardama kan ko abin yana cikin kwangila ko ba ya ciki. Da ranar buɗewa ta matso, sai aka rage wa wasu kurakurai matsayi a takarda domin aikin ya tsallake sharaɗin gwaji.

Kwamitin bincike ƙarƙashin tsohon alƙali Richard Chesterman ya fitar da rahotonsa a 2013, inda ya ɗora laifi a kan ɓangarorin biyu. Gwamnatin jihar ta dakatar da ba IBM sababbin kwangiloli, ta kuma kai shi kotu, amma a 2015 kotu ta yanke cewa wata yarjejeniyar da gwamnati ta sa wa hannu tun 2010 ta riga ta yafe wa kamfanin duk wata da'awa. Nauyin ya koma kan masu biyan haraji.

Aikin da ake yi kafin a rubuta layi ɗaya

Masana harkar suna kiran wannan mataki da tantance buƙatun manhaja. Shi ne zama da waɗanda za su yi amfani da ita, a gano abin da suke so ta yi, a rubuta shi a kundin buƙatu ta yadda mutum biyu ba za su karanta su fahimci abu biyu ba, sannan a riƙa bin diddigin duk wani sauyi har a gama. Buƙatun iri biyu ne. Akwai na abin da manhajar za ta aikata, misali ta lissafa kuɗin aikin dare. Akwai kuma na yadda za ta kasance: saurinta, tsaronta, yawan mutanen da za ta ɗauka a lokaci guda, da ko za ta yi aiki idan intanet ya yanke.

Masanin nan na Amurka, Barry Boehm, ya nuna tun a farkon shekarun 1980 cewa a manyan ayyuka, kuskuren da aka gano bayan an miƙa manhaja yana iya cin ninki 100 na abin da zai ci da an gano shi a matakin rubuta buƙatu. Duk ɗan ci-rani da ya taɓa gina gida ta waya ya san wannan lissafi. Sauya wurin ƙofa a kan takarda ba ya cin komai, amma sauya shi bayan an zuba dakali an ɗora rufi, wannan sai an fasa bango.

Nisa yana ƙara wa ciwo gishiri

Ba da aikin manhaja ga kamfanonin ƙetare ya bunƙasa ne a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da kamfanonin Amurka da Turai suka buƙaci dubban hannaye don gyara matsalar kwanan wata ta shekarar 2000. Kamfanonin Indiya irin su TCS, wanda aka kafa a 1968, da Infosys, wanda aka kafa a 1981, suka samu kasuwa. A yau wannan fanni yana ɗauke da ma'aikata sama da miliyan 5 a Indiya. Kamfanonin Faransa kuwa sun fi karkata zuwa Maroko, Tunisiya, Senegal da Madagaska saboda harshe.

Arhar ma'aikata ita ce ta jawo su, amma nisa yana da nasa kuɗin. A 2003, masu bincike biyu, James Herbsleb da Audris Mockus, sun wallafa nazari a kan injiniyoyin wani babban kamfanin sadarwa da ke warwatse a ƙasashe daban-daban. Sun gano cewa aikin da aka raba tsakanin wurare yana ɗaukar kusan ninki biyu da rabi na lokacin da irinsa ke ɗauka idan masu yin sa suna wuri guda.

Dalilin ba boyayye ba ne. A ofis ɗaya, injiniyan da bai gane wata jimla ba zai juya ya tambayi na kusa da shi, cikin minti biyu an wuce wurin. Tsakanin Bangalor da Kalifoniya kuwa akwai tazarar sa'o'i 12 da rabi zuwa 13 da rabi. Tambayar da aka aika da rana sai gobe za a ga amsarta, kuma idan amsar ta haifi wata tambaya, an ci kwana biyu ke nan. Da yawa sukan gaji da jira su yi zato kawai, kuma a cikin zaton ne kuskure ke shiga. Ga kuma al'ada: a wurare da dama ƙaramin ma'aikaci ba ya iya ce wa mai kuɗi bai gane ba, ko ya ce abin ba zai yiwu ba. Sai ya ce "to", mai aiki ya ɗauka an amince, alhali shi nufinsa ya ji.

Ko an rubuta, sai an duba

Rubuta buƙata a takarda shi kaɗai bai wadatar ba. A ranar 23 ga Satumban 1999, hukumar NASA ta rasa kumbonta mai suna Mars Climate Orbiter a daidai lokacin da ya isa duniyar Mars. Kamfanin Lockheed Martin a jihar Kolorado ne ya ƙera shi, yayin da masu sarrafa hanyarsa suke cibiyar JPL a Kalifoniya. Takardar aikin ta ce a yi amfani da ma'aunin mita, amma wata manhajar kamfanin tana fitar da alƙaluma da ma'aunin fam na Amurka, wanda ya bambanta da ninki kusan 4 da rabi. Watanni aka kwashe ana karɓar alƙaluman ba a gane ba. Kumbon da ya kamata ya wuce a nisan kilomita 226 daga doron Mars ya gangaro zuwa kimanin 57, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

A 2019 ma kamfanin hayar motoci na Hertz ya maka Accenture a kotu a birnin Niyok, yana neman a mayar masa da dalar Amurka miliyan 32 da ya biya don sabunta shafinsa da manhajojinsa. Cikin ƙorafinsa akwai cewa an yi shafin ya dace da waya da kwamfuta amma aka bar allon hannu mai matsakaicin girma, kuma an gina shi don kasuwar Arewacin Amurka kawai, alhali ana son ya yi wa sauran rassan kamfanin aiki. Accenture ya musanta zargin. Ko wane ne ke da gaskiya, gardamar a kan tambaya ɗaya take: me aka ce a yi?

Abin da kowa ya sani a gida, babu wanda ya rubuta

Buƙatun da suka fi haɗari su ne waɗanda mai aiki yake ganin ba sai an faɗa ba. Injiniyan da ke Faris ko Dubai, idan aka ba shi aikin manhajar rajista don Nijar, zai sa gurbin ranar haihuwa ya zama dole, da rana da wata da shekara, bai san cewa takardun dattawa da yawa shekara kawai suke ɗauke da ita, ita ma ta ƙiyasi ba. Zai nemi sunan titi da lambar gida, alhali a unguwanni da yawa kwatance ake yi da masallaci ko famfo. Zai ɗauka kowa yana da babbar waya da intanet a kowane lokaci. Mai yiwuwa haruffan ƙ, ɗ, ɓ da ƴ su fito a matsayin alamar tambaya.

Lissafin kuɗi ya fi kowanne tarko. A kasuwar Maraɗi, dala ashirin na nufin sefa 100, jaka guda kuma sefa 1,000. Manhajar murya ko ta saƙo da ba a gaya wa mai yin ta wannan ba za ta iya rubuta 20 a inda ake nufin 100. Haka matsalar take idan aikin ya juya. Matashin da ke Tawa yana yi wa Ba'amurke aiki zai karanta 03/04 a matsayin 3 ga Afrilu, shi kuwa mai aikin 4 ga Maris yake nufi. Waƙafi da ɗigo a cikin lambobi ma ma'anarsu ta sha bamban tsakanin Faransanci da Ingilishi.

Dabarun da suka tabbata

Kamfanonin Japan da ke ba da aiki a Sin da Biyetnam sun ƙirƙiro muƙami na musamman da suke kira injiniyan gada. Mutum ne da ya iya harsunan biyu, ya san fasaha, kuma aikinsa shi ne tabbatar da cewa abin da aka nema a Tokiyo shi ne abin da aka fahimta a Hanoi. Kamfanin FPT na Biyetnam ya horar da matasa masu yawa don wannan aiki.

Tun bayan da wasu injiniyoyi 17 suka haɗu a jihar Yuta ta Amurka a 2001 suka fitar da sanarwar tsarin aiki a gajerun zango, kamfanoni da yawa sun daina jiran shekara kafin su ga sakamako. Duk mako biyu ana nuna wa mai aiki abin da aka gina, ya taɓa, ya ce a gyara. Gani ya kori ji. Sauran dabarun ba su da tsada: zana fuskokin manhajar kafin a rubuta ta, rubuta wa kowace buƙata sharaɗin da za a gwada ta da shi da lambobi na zahiri, ajiye jerin kalmomi da ma'anar da aka amince da ita, ware sa'o'i biyu ko uku a rana da kowa zai kasance a kan layi, da kuma mayar da duk abin da aka yanke a waya zuwa rubutu. Saƙon murya na WhatsApp yana da sauƙi, amma ranar da gardama ta tashi a kan biya, da wuya ya raba ta.

Inda damar take

A 2014 aka kafa Andela a Legas domin horar da matasan Afirka su yi wa kamfanonin waje aiki. A watan Satumban 2019 kamfanin ya sallami ƙananan injiniyoyi kimanin 400 a Najeriya, Kenya da Yuganda, yana mai cewa abokan cinikinsa ƙwararru suke nema. Ƙwarewar da ake magana ta haɗa da iya karɓar bayani mara kai, a yi tambayoyin da suka dace, a mayar da shi tsarin da za a iya ginawa. Yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke rubuta sassa da dama na aikin cikin daƙiƙoƙi, wannan ɓangaren ne ya rage a hannun mutum, domin na'ura za ta gina abin da aka gaya mata ko da kuskure ne.

Matasan Nijar suna da abubuwa biyu a hannu. Agogon Yamai daidai yake da na Faris a lokacin sanyin Turai, sa'a guda ce kawai tsakaninsu a sauran watanni, don haka matsalar jiran amsa har gobe ba ta taso ba. Sannan wanda ya iya Hausa ko Zabarmanci tare da Faransanci, ya kuma ƙara da Ingilishi, shi ne ya fi dacewa da kujerar injiniyan gada a duk aikin da ƙungiyoyin agaji, bankuna ko kamfanonin aika kuɗi ke bayarwa a waje don jama'ar Sahel. Cibiyoyi irin su CIPMEN da ke Yamai tun 2014 suna tallafa wa masu kafa ƙananan kamfanonin fasaha, kuma akwai takardar shaidar ƙwarewa a tantance buƙatu ta ƙungiyar IREB da ke Jamus, wadda kamfanonin Turai suka sani.

Ga mazaunin waje da ke shirin biyan wani ya gina masa manhaja, mataki na farko bai wuce takarda mai shafi biyu ko uku ba: wa zai yi amfani da ita, da wace irin waya, me zai faru idan babu intanet, kuma da me za a gane an gama. A raba biyan kashi-kashi, kowane kashi a ɗaure shi da abin da za a iya gani a gwada, kuma a rubuta tun farko wanda zai mallaki manhajar da lambobin sirrinta idan aikin ya kammala.