Hoto 720 don minti ɗaya: Yadda ɗalibin zane zai haɗa fim da wayar hannunsa

Duk wanda ya daɗe yana zagaya TikTok ko Instagram ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan. Takalmi yana tafiya shi kaɗai. Tsinkayen ashana suna fitowa daga kwali suna jera kansu har su rubuta suna. Ko wani ɗan curin yumɓu ya miƙe ya zama mutum, ya ɗaga maka hannu. Ba ka ganin hannun kowa a ciki. A 'yan kwanakin nan da zarar an ga irinsa sai ka ji an ce, "Ai AI ne." To, sau da yawa ba shi ba ne. Wata tsohuwar fasaha ce da ta girmi talabijin. Turawa na kiranta sitof-moshan, mu kuma bari mu kira ta "motsa-ka-ɗauka", don aikin ke nan gaba ɗaya: ka ajiye abu, ka ɗauki hotonsa, ka ɗan gusa shi kaɗan, ka sake ɗauka. Idan aka jera hotunan aka sake su da sauri, sai ido ya ga abin yana motsi da kansa.

Ga ɗalibin da ke karanta zane da sassaƙa, wannan ita ce ƙofa mafi arha ta shiga harkar katun. Katun ɗin kwamfuta yana son na'ura mai ƙarfi da manhajoji masu cin wata da watanni kafin a iya su. Wannan kuwa waya ta isa, da tebur, da fitila. Sai dai fa akwai abin da take karɓa a madadin kuɗi, kuma ba ta yin ragi a kansa. Lokacinka take so.

Lissafin da ke korar mutane

Fim ɗin silima yana nuna hoto 24 a kowace daƙiƙa. Yawancin masu motsa-ka-ɗauka suna rage wa kansu wahala, su ɗauki hoto 12 a daƙiƙa, kuma motsin yana fita da kyau a hakan. To ɗauko kalkuleta. Daƙiƙa goma, hoto 120 ke nan. Minti ɗaya, hoto 720. Idan malami ya ba ka aikin fim na minti uku, kana maganar hoto 2,160. A ce kowane hoto minti ɗaya ya ci maka tsakanin gusawa da dubawa da ɗauka, minti ɗaya na fim zai cinye maka awa 12 cur, ban da lokacin gina kaya da gyaran kuskure.

Manyan masanan ma ba su tsira daga wannan lissafi ba. A fim ɗin Jason and the Argonauts na 1963, akwai wurin da ƙwarangwal bakwai ke faɗa da mutane da takubba. Abin bai wuce 'yan mintuna a allo ba, amma Ray Harryhausen ya shafe fiye da wata huɗu yana gusa ƙwarangwal ɗin nan gaɓa-gaɓa. Saboda haka duk ɗalibin da zai fara, gara ya yi lissafinsa tun kafin ya yi wa malami alƙawari.

Aikin makarantar da ya ci shekaru

Da yawanmu mun tashi muna kallon Shaun the Sheep, wannan tunkiyar mai shegen wayo da ba ta magana. Kamfanin Aardman da ke birnin Biristol a Ingila ne ke yin ta, kuma da hannu ake gusa ta. Mutumin da ya ƙirƙiro ta, Nick Park, a matsayin ɗalibi ya faro. A 1982, yana makarantar koyon fim da talabijin ta ƙasar Ingila, ya fara wani fim mai suna A Grand Day Out a matsayin aikin kammala karatu: labarin wani mutum da karensa, Wallace da Gromit, da suka ƙera roka suka tafi duniyar wata neman cuku. Fim ɗin bai kai rabin awa ba, amma lokacin makaranta ya ƙare bai gama ba. A 1985 Aardman suka ɗauke shi aiki, ya ci gaba da haɗa shi a gefe, sai a 1989 ya fito.

Ƙarshen labarin dai mai daɗi ne. Fim ɗin ya shiga takarar kyautar Oska, kuma wanda ya kayar da shi wani fim ne na Nick Park ɗin dai, Creature Comforts. Daga baya shi da Peter Lord suka yi Chicken Run a 2000, wanda ya tara fiye da dala miliyan 200. Amma darasin da ke ciki ga ɗalibi a fili yake. Kai ba ka da shekara bakwai, zangon karatu ɗaya gare ka. Ka yanka labarinka daidai da lokacinka. Fim ɗin Fresh Guacamole na wani Ba'amurke da ake kira PES bai kai minti biyu ba, kuma har ya shiga takarar Oska a 2013. Daƙiƙa 40 da aka gama tsaf sun fi minti biyar da aka bari a hanya.

Maƙwabcinmu ya riga mu

Kada wani ya ce abin na Turawa ne kawai. Moustapha Alassane, ɗan Jamhuriyar Nijar da aka haifa a 1942, yana cikin waɗanda suka fara yin katun a nahiyar Afirka. Makanike ne kafin ya shiga fim. Ya yi aiki da Jean Rouch a Yamai, ya kuma je Kanada inda ya ƙaru da Norman McLaren, ɗaya daga cikin gwanayen wannan fanni. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana da ya haɗa. Ya kuma yi Kokoa, inda dabbobi ke shiga fili suna kokawa irin tamu ta gargajiya. A Tawa ya zauna shekaru da dama yana aikinsa, har Allah Ya yi masa rasuwa a 2015. Lokacin da ya fara, ba shi da wayar zamani, ba shi da manhaja. Abin da ke cikin aljihunka yau ya fi kayan da ya fara da su sauƙin sarrafawa nesa ba kusa ba.

Kuma ba dole sai yumɓu ba. Fim ɗin katun mai tsawo mafi daɗewa da ya rage a duniya, wata Bajamusa ce mai suna Lotte Reiniger ta yi shi, ya fito a 1926. Da almakashi ta yi. Ta yanka kwali, ta haɗa gaɓoɓin da waya, ta shimfiɗa a kan gilashi da haske daga ƙasa, ta shafe kusan shekara uku tana gusawa. Labarin kuwa daga Dare Dubu da Ɗaya ta ɗauko shi. Wannan ma amsa ce ga wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ƙera mutum-mutumi ba: takarda, yashi, wake, maɓallai, murafen kwalba, zare, har rubutun da ke rubuta kansa, duk suna motsi a gaban kyamara.

Abin da za ka tanada

Na farko waya, da manhaja irin su Stop Motion Studio, wadda ake iya fara aiki da ita kyauta. Amfaninta babba shi ne tana nuna maka inuwar hoton baya a kan na yanzu, sai ka ga daidai inda ka gusa abin. Manyan kamfanoni Dragonframe suke amfani da ita, amma ta kuɗi ce, ba kuma ita ce matsalarka a yanzu ba.

Na biyu abin da zai riƙe wayar. In akwai mariƙi mai ƙafa uku, madalla. In babu, tarin littattafai da roba da salatif sun wadatar, muddin wayar ba za ta yi ko gezau ba.

Na uku abin da za ka motsa. A nan ɗaliban sassaƙa sukan yi tuntuɓe, don sun saba da yumɓun tukwane. Shi kuwa bushewa yake, kafin ka kai hoto na hamsin ya fara tsagewa. Filastisin ake nema, wannan yumɓun roba mai launi da ake samu a shagunan kayan makaranta, don ba ya bushewa. In kana son abin ya tsaya da ƙafafunsa, sai ka murɗa wayar alminiyam biyu ko uku ka yi masa ƙashi a ciki, ka kuma yi masa manyan tafin ƙafa don kada ya dinga kifewa.

Abokan gaba uku

Haske ne na farko. Hasken taga yana da kyau a ido, amma rana tafiya take. Hoton da ka ɗauka da hantsi da wanda ka ɗauka da azahar ba ɗaya ba ne, idan ka jera su sai fim ɗin ya dinga ƙyaftawa. Ka rufe taga da bargo, ka kunna fitilarka. Tunda kuma wutar lantarkinmu sai a hankali, kada ka dogara da ƙwan ɗaki. Fitila mai caji ta fi, amma ita ma tana dusashewa idan batir ya yi ƙasa, don haka ka cika ta kafin ka fara. Ka kulle haske da saitin kyamarar wayar, kada ka bar ta tana gyara kanta. Ka kuma sa tufafi masu duhu, don farar riga tana mayar da haske kan teburin.

Na biyu girgiza. Duk taɓa wayar da ka yi da yatsa, tana ɗan gusawa. A yawancin wayoyi maɓallin ƙara sauti na iyafis mai igiya yana ɗaukar hoto, ko ka saita mata ƙidayar daƙiƙu ta ɗauka da kanta. Ka manne kwalin bango da tebur da salatif. Ka rufe layin wayar gaba ɗaya, don kira ɗaya na iya wargaza maka aikin awa biyu. In kuma a ɗakin kwanan ɗalibai kake, ka roƙi abokan zama tun da wuri, kada wani ya zo neman caja ya ture maka tebur.

Na uku zafi. A watannin bazara filastisin yana laushi, hannun da ka ɗaga sai ka ga yana saukowa da kansa. Ka yi aiki da dare ko da sassafe, ka kuma nisanta fitilar da kayan.

Akwai ƙarami na huɗu: wurin ajiya. Idan kowane hoto ya kai megabait 3, minti ɗaya ya haura gigabait 2. Ka share waya kafin ka fara, ka kuma kwafe aikin kowace rana zuwa wani wuri.

Sirrin motsi

Abin da ke bambanta ɗan koyo da gwani yana cikin tazarar gusawa. In ka gusa abu da tazara iri ɗaya daga farko har ƙarshe, zai yi tafiya kamar inji. Dubi hannunka idan za ka ɗauki kofi: a hankali yake tashi, ya yi sauri a tsakiya, ya sake lafawa kafin ya isa. Haka za ka yi. Ƙananan gusawa a farko, manya a tsakiya, ƙanana a ƙarshe. Ka tuna kuma tsayawa ma motsi ce. Idan ɗan tsanarka ya ji ƙara, bar shi ya daskare na hoto shida ko takwas kafin ya waiga, a nan mai kallo zai ji kamar abin yana tunani.

Dabara mai sauƙi ita ce ka fara yin motsin da jikinka, wani ya ɗauke ka bidiyo, ka ƙirga daƙiƙun da ya ci. Sannan ka zana labarin a takarda gida-gida kafin ka taɓa waya, don a wannan aikin duk abin da ka ɗauka ka zubar, awanni ka zubar.

A nan ne kuma mu 'yan sashen aikin jarida muke da amfani. Ɗalibin zane ya iya siffa da launi, mu kuma an koya mana tsara labari da naɗar sauti da tace bidiyo. In akwai magana a fim ɗin, ita ake fara naɗa, sannan a bi ta da motsin baki. In babu, takun ƙafa da ƙarar ƙofa da kukan kaza su ne ke hura wa hoton rai. Sassan nan biyu sau da yawa suna harabar makaranta ɗaya, amma kowa na fama shi kaɗai. Haɗa kai zai rage wa kowa rabin wahala.

To, ina ribar?

Tambayar da za a yi ke nan, tunda yanzu manhajar ƙirƙirarriyar basira na fitar da bidiyo cikin 'yan daƙiƙu. Gaskiya ne, ba za ka yi tsere da ita a sauri ba. Amma ka lura da fina-finan Aardman, za ka ga shatin yatsun masu aikin a jikin yumɓun, kuma da gangan suke barinsa. Masu kallo suna son ganin abin da hannu ya taɓa. A 2023 ma, lokacin da maganar AI ta cika duniya, fim ɗin Pinocchio na Guillermo del Toro, wanda aka yi da 'yan tsana hoto bayan hoto, shi ya lashe Oska ta katun mai tsawo.

A kusa da mu kuma, mai sayar da turare ko takalma ko kayan ƙwalam a intanet tana neman tallan da zai sa mutum ya dakata da shafa waya. Daƙiƙa 15 na kwalaben turare suna jerin gwano, hoto 180 ne, aikin yini guda. Ɗalibin da ya tara irin waɗannan guda biyar yana da abin nunawa ranar da ya fita neman aiki, ban da takardar shaida.

Saboda haka ga aikin gida na wannan makon. Nemi murfin kwalba ko tsinken ashana, ka sa shi ya ratsa tebur, ya tsaya, ya juyo. Daƙiƙa goma, hoto 120. Na farkon zai yi tsalle-tsalle, haka na kowa yake. Ka kalle shi, ka gano inda tazarar ta yi yawa, ka sake. Sannu ba ta hana zuwa. In kuma ka ɗora a shafinka wani ya ce AI ne, sai ka tura masa hoton teburin.