Ko Kun Sani? CSS Ba Ta Shafukan Intanet Kaɗai Ba Ce

Tun fitowar GTK 3, kayan aikin ƙera fuskar manhajoji, a 2011, masu ƙera manhajojin Linux suke amfani da CSS, harshen da ake yi wa shafukan intanet kwalliya da shi, wajen sauya launi da fasalin maɓallai da akwatunan rubutu. Dabarar ta yi ma'ana, tunda ɗimbin masu rubuta manhaja sun riga sun iya CSS. Masu suka suna cewa sakin ya yi yawa: wani ya shafa wa manhaja baƙin launi, rubutu ya ɓace. Suna da gaskiya, shi ya sa libadwaita, kayan ƙera manhajojin GNOME (wani tsarin fuskar Linux), da ta fito a 2021, ta taƙaita sauye-sauyen. Amma ita kanta da CSS aka tsara kamanninta.