Isfahan: Birnin da Farisawa Ke Kira Rabin Duniya

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, don waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau ƙasar Iran muka nufa, birnin Isfahan. Da yawanku ba su fara jin sunan nan ba sai a watan Yunin 2025, lokacin da Amurka ta kai hari kan cibiyoyin nukiliyar Iran uku: Fordo, Natanz da Isfahan. To amma shekaru ɗaruruwa kafin a san wani abu wai shi nukiliya, Farisawa na da kirarin da suke yi wa garin: Isfahan nisfi jahan, wato Isfahan rabin duniya. Nufinsu, in ka ga Isfahan, to rabi kawai ya rage maka.

Kafin mu shiga tarihi, bari mu fara da gida. Duk wanda ya yi makarantar allo a ƙasar Hausa, da ruwayar Warshu ya tashi. Warshu kuwa a wurin Imam Nafi'u na Madina ya ɗauko karatu, kuma malaman tarihin ƙira'a sun ce asalin Nafi'u mutumin Isfahan ne. Sahabi Salmanul Farisi, Allah Ya ƙara masa yarda, a ruwayar da ya ba da labarin musuluntarsa ya ce shi ɗan wani ƙauye ne na Isfahan mai suna Jayyu, ko da yake akwai ruwayar da ta ce daga Ramhurmuz yake. Sannan duk inda kuka ga malami da laƙabin Al-Asbahani ko Al-Asfahani, kamar Abu Nu'aim mai Hilyatul Auliya, ko Ragib mai Mufradat, to wannan garin ake nufi. Kun ga ashe mun daɗe da sanin garin, sunan ne kawai ba mu haɗa ba.

Isfahan na tsakiyar Iran, kudu da Tehran, a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,600, kuma busasshiyar ƙasa ce ta kewaye shi. Abin da ya sa gari ya zauna a wurin abu ɗaya ne: kogin Zayande Rud, ma'ana kogi mai rayarwa. Daga duwatsun Zagros yake gangarowa, bai kuma isa teku, a wata fadama yake ƙarewa. Ku riƙe sunan kogin nan, za mu dawo kansa.

Musulmi sun ci garin a zamanin Halifa Umar, wajejen shekarar 642. Amma tashen farko na gaske ya zo ne da Turkawan Saljuƙ, waɗanda suka kama shi a 1051, ya zama babban birninsu. A zamanin Sarki Malik Shah da wazirinsa Nizamul Mulk, daga Isfahan ake juya ƙasar da ta miƙe tun daga tsakiyar Asiya har Sham. A nan Umar Khayyam da wasu masana taurari suka tsara kalandar rana da ta fara aiki a 1079, wadda kalandar Iran ta yau ta samo tushe daga gare ta.

Abin da zamanin ya bari, wanda har gobe ana gani, shi ne tsohon Masallacin Juma'a. Tun wajejen 771 aka aza tushensa, kuma kusan kowace daula ta zo sai ta ƙara nata, shi ya sa masana gine-gine ke ɗaukarsa kamar littafi. Akwai wani labari mai daɗi a cikinsa. Nizamul Mulk ya gina ƙatuwar ƙubba a ɓangaren alƙibla wajejen 1087. Ba a yi shekara biyu ba, abokin hamayyarsa a fada, Tajul Mulk, ya gina tasa a ɗaya ƙarshen masallacin. Ta Tajul Mulk ba ta kai waccan girma ba, amma masana da yawa na cewa ta fi ta kyan lissafi. Kishin 'yan siyasa ne zalla, sai dai ya haifar da ƙubbobin tubali biyu da suka haura shekara 900 a tsaye.

Daga nan sai wahala. Mongol suka zo suka wuce. A 1387 Taimur Lang ya iso, garin ya miƙa wuya, amma daga baya mutane suka yi bore suka kashe masu karɓar harajinsa. Martanin da ya mayar ba shi da daɗin ji: marubutan zamanin sun ce an kashe mutum kusan 70,000, aka gina hasumiyoyi da kawunansu.

To yanzu mu zo kan mutumin da ya mayar da Isfahan rabin duniya: Shah Abbas na ɗaya, na daular Safawiyya, daular da ta mayar da Shi'anci mazhabar ƙasa a Iran tun 1501. A 1598 ya ɗauke fadarsa daga Kazwin ya dawo Isfahan. Dalili? Tsaro da kasuwa. Daular Usmaniyya, ta Turkiyya fa, ba ta Sakkwato ba, ta sha mamaye Tabriz, tsohon babban birninsu. Isfahan kuwa na can tsakiyar ƙasa nesa da iyaka, ga ruwa, ga hanyar fatake zuwa tekun Fasha.

Abbas bai rushe tsohon gari ba, sabo ya gina a gefensa. Zuciyar sabon garin wani fili ne mai suna Naƙshi Jahan, wato hoton duniya. Tsawonsa mita 560, faɗinsa mita 160, kun ga ya haura filin ƙwallo 12 ke nan. An zagaye shi da shaguna hawa biyu, sannan kowane ɓangare da gini guda: arewa ƙofar kasuwa, kudu babban masallaci, yamma fadar sarki, gabas masallacin iyalan sarki. Ku lura da dabarar. Ɗan kasuwa, malami da mai mulki duk an tara su fili ɗaya, sarki kuma na zaune a baranda yana kallon kowa. A filin ake wasan ƙwallon dawaki, kuma ginshiƙan dutse na ragar wasan suna nan har yau.

Babban masallacin, wanda a da ake kira Masallacin Shah, bayan juyin juya halin 1979 kuma Masallacin Imam, an fara shi a 1611. Magina sun gamu da matsala: filin bai fuskanci alƙibla ba. Sai suka bar ƙofar tana kallon fili, amma kana shiga zaure sai hanya ta karkata da kai kusan digiri 45 a hankali, ka tsinci kanka kana fuskantar Makka ba tare da ka ankara ba. Wata dabarar kuma gaggawa ce ta haife ta. Tsohuwar hanyar ado ita ce a yayyanka tayil ƙanana, kowanne launinsa daban, a jera su ɗaya bayan ɗaya, aikin da ke cin shekaru. Abbas na son ganin masallacinsa kafin ya mutu, sai aka koma zana launuka da yawa a kan tayil guda a gasa shi lokaci ɗaya. Duk da haka ya rasu a 1629 ba a gama wasu sassan ba. Kuma in ka tsaya kan wani dutse a ƙarƙashin ƙubbar ka tafa hannu, sautin zai yi ta dawo maka sau da yawa. Amsa-kuwwar ba wasa ba ce, ita ce lasifikar liman a lokacin.

Ni dai in za a ce in zaɓi ɗaya, ƙaramin nan na gabas zan ɗauka, Masallacin Sheikh Lutfullah, wanda aka gama a 1619. Ba hasumiya, ba tsakar gida, tunda ba a kiran jama'ar gari sallah a cikinsa. Za ka bi wani siririn lungu mai duhu, kwatsam sai ka faɗa ɗaki guda a ƙarƙashin ƙubba, haske na tsiyayowa ta tagogi masu raga. A tsakiyar ƙubbar hasken rana kan zana wani abu kamar jelar ɗawisu. Fadar Ali Ƙapu da ke fuskantarsa hawa shida ce, kuma a saman akwai ɗakin kiɗa da aka fafe bangonsa da siffofin tuluna da kwalabe don daidaita sauti. Bayanta kaɗan akwai Cehel Sutun, ma'ana ginshiƙai 40. In ka ƙirga, 20 za ka samu. Sauran 20 ɗin inuwarsu ce a cikin tafkin da ke gaban ginin.

Wa ya biya kuɗin duk wannan? Babban kaso daga alharini ne. Nan ne kuma labarin ke da ɗaci. A 1604, ana tsaka da yaƙi da Turkawa, Abbas ya tashi Armeniyawan garin Julfa da ƙarfin tsiya, ya ƙone abin da suka bari don kada abokan gaba su amfana. Mutane da yawa sun mutu a hanya. Waɗanda suka iso ya ba su unguwa a ƙetaren kogi, Sabuwar Julfa, ya bar su da addininsu na Kirista, saboda ya san su ne ke da hanyar kai alharini kasuwannin Turai. Cocinsu na Vank na nan, kuma a unguwar aka kafa injin buga littattafai na farko a Iran cikin shekarun 1630. Wani Bafaranshe mai sayar da gwala-gwalai, Jean Chardin, da ya zauna a garin a shekarun 1660 da 1670, ya ƙirga masallatai 162, makarantu 48, masaukan fatake 1,802 da gidajen wanka 273.

Wani ɗan abin da na san zai burge masu kiwo: a gonakin bayan gari akwai dogayen hasumiyoyin ƙasa da aka gina wa tantabaru, kowace na ɗaukar dubbai. Ba don nama ba, don kashinsu, wanda shi ne takin gonakin kankana.

Faɗuwar ta zo a 1722. Mayaƙan Afghanistan ƙarƙashin Mahmud Hotak suka karya rundunar Safawiyya a Gulnabad, duk da cewa rundunar sarki ta fi su yawa nesa ba kusa ba, sannan suka yi wa birnin ƙawanya daga Maris har Oktoba. Yunwa ta kai mutane ga cin karnuka da kyanwoyi. Daga ƙarshe Shah Sultan Husaini ya fito da kansa ya miƙa sarauta. Daga baya fada ta koma Mashhad, ta koma Shiraz, ta ƙare a Tehran.

Na ce za mu dawo kan kogi. A kansa akwai gadar Si-o-se-pol, ma'ana gada mai baka 33, tsawonta kusan mita 300, an gama ta a 1602. Akwai kuma gadar Khaju ta 1650, wadda gada ce kuma madatsar ruwa, mutanen gari kan taru a ƙarƙashinta da dare suna rera waƙa don daɗin amon wurin. Sai dai tun shekarun 2000, yawancin watannin shekara babu ruwa ƙarƙashin gadojin nan, sai busasshiyar laka. Fari na daga ciki, amma akwai hannun mutum: madatsar da ke sama, bututun da ke kai ruwan zuwa lardin Yazd, masana'antun ƙarfe, da noman rani da ya fi ƙarfin kogin. Da kogi ya ƙafe sai aka koma rijiyoyin burtsatse, da ruwan ƙasa ya ja baya sai ƙasar kanta ta fara nitsewa, har tsagu na bayyana a gidaje, makarantu da wasu tsofaffin gine-ginen. A watan Nuwamban 2021 dubban manoma da mutanen gari suka taru a tsakiyar busasshen kogin, kusa da gadar Khaju, suna neman a sako musu ruwa, daga baya jami'an tsaro suka tarwatsa su. Yanzu in an buɗe madatsa na 'yan kwanaki don manoma, iyalai kan fito bakin gada da shimfiɗu da butar shayi, su zauna kallon ruwa yana wucewa.

A nan za mu dakata. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.