Jar Akuya Da Yunwar Bazara: Amfanin Ƙarin Abinci Bayan Kiwo

Duk wanda ya saba shiga kasuwar dabbobi, ko ta Acida ko ta Maigatari, ya san bambancin akuyar kaka da ta bazara. Da kaka za a gan ta sumul, gashi yana sheƙi. Amma daga watan Maris zuwa Mayu sai a riƙa ƙirga haƙarƙarinta daga nesa, alhali kuwa wuni take yi a daji tana kiwo, ta komo gida ciki a cike. To, ina abincin yake tafiya?

Masana ilmin dabbobi sun bayyana cewa a cikin tumbin akuya akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke narkar mata da ciyawa. Waɗannan halittu ba su aiki sosai sai abincin ya ƙunshi sinadarin gina jiki, watau furotin, kamar kashi 7 cikin ɗari. Ɗanyar ciyawar farkon damina ta wuce haka, amma busasshiyar ciyawar rani takan faɗo har zuwa kashi 3 ko ƙasa. Saboda haka sai abincin ya daɗe a tumbi bai narke ba, cin dabba ya ragu, ta koma cin jikinta. Naman da ta tara da damina shi take ƙonawa har ruwa ya sauka.

A nan ne ƙarin abinci yake da amfani, kuma ba lalle sai mai yawa ba. Harawar gyaɗa da ta wake, in an adana su da ganyensu, furotin ɗinsu yakan haura kashi 10, na ƙuliƙuli kuwa ya wuce kashi 40. Akwai dusa, da kowar wake, da angurya. Kada kuma a manta da gawo, itacen da ke kaɗe ganye da damina ya tofo da rani, ya zubo 'ya'ya daidai lokacin da daji ya ƙare. Akuya mai nauyin kilo 20, in ta sami kamar giram 200 na dusa da aka gauraya da ƙuliƙuli kowace yamma, da ɗan gishiri ko kanwa, halittun tumbinta za su farfaɗo, har busasshiyar ciyawar nan da kara su soma yi mata amfani.

An daɗe ana nazarin wannan al'amari a Shika kusa da Zariya, inda aka kafa gonar dabbobi a 1928, ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1976. A Jamhuriyar Nijar ma akwai cibiyar kiwon jar akuya a Maraɗi tun 1963. Abin da gwaje-gwajen masana suka sha nunawa shi ne, 'yan awakin da ake ƙara wa abinci bayan kiwo suna ci gaba da girma da rani, waɗanda aka bari da daji kaɗai kuwa su tsaya cik ko su rame.

Sai dai mahauci ba nauyin dabba a tsaye ne ya dame shi ba. Abin da yake lissafi shi ne naman da zai rage bayan an feɗe, an fitar da kai da ƙafafu da fata da kayan ciki. A akuya wannan yakan kama daga kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na nauyinta. Ramammiya tana can ƙasa, domin ƙashi da tumbi sun fi yawa a jikinta. Wadda aka kula da ita takan cika cinya da gadon baya, tsoka ta rinjayi ƙashi.

Amma akuya ba tunkiya ba ce, kuma a nan masu kiwon turke da yawa suke hasarar kuɗinsu. Rago yakan shimfiɗa kitse a bayansa, mai saye ya taɓa ya ji, ya ƙara kuɗi. Ita akuya a cikin ciki take tara yawancin kitsenta, kewaye da ƙoda da hanji, namanta ya zauna ja. Wanda ya yi ta ɗura wa taure hatsi bayan ya gama girma, kitsen ciki yake saye da tsada. A ganinmu ya fi riba a kashe kuɗin a kan 'yan awakin da aka yaye, da uwaye masu ciki ko masu shayarwa.

Akwai abubuwan kiyayewa. Kada a ba dabba hatsi ko dusa da yawa rana ɗaya, sai a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan cikin mako biyu, don gudun kumburin ciki, wanda yakan kashe. Ƙuliƙulin da ya yi fumfuna guba ne. Angurya ba ta dace da ƙananan da ba su fara tuƙa sosai ba. Sa'an nan a nemi ma'aikacin dabbobi ya ba da maganin tsutsar ciki tukuna, in ba haka ba tsutsa ake ciyarwa.

Harawa kuwa da kaka ake tara ta, tun tana da araha, a ɗaure ta a ajiye a rumfa inda rana da gara ba za su ci ganyen ba.